Magana A Kan Saukar Kuɗin Fetur Da Man Da Aka Ce Yana Kwance A Ƙarƙashin Arewa

 Ku sani abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da ta yawaita a bakin mutane tun ƙarshen shekara ta 2025, sa'ad da aka ji an rage kuɗin fetur a Ikko, watau Legas. Mutane suna cewa wai wannan somin taɓi ne, ku bari a buɗe rijiyoyin man Arewa da ke kwance a Bauci da Barno da Sakkwato, ran nan sai mu sha mai kamar ruwan rafi. Masu neman kujera sun ga maganan nan tana yi wa kunnen talaka daɗi, sun ɗauke ta suna yawo da ita gari gari. Ni kuwa ina ganin akwai ruɗi a cikinta, ruɗin kuma mai tsada ne, gama wanda ya zuba ido ga abin da ke ƙarƙashin ƙasa ya kan manta ya tambayi abin da a ke yi masa a bisa ƙasa. Abin da na ke so in tabbatar muku shi ne, man da ke kwance bai taɓa saukar da farashi ko da kwabo ba, kuma ko an haƙo shi ba zai saukar mana da shi a Sabuwa ba, sai an gyara waɗansu al'amura da ke kusa da mu, waɗanda muna da bakin magana a kansu.

Fasali na farko, a kan yadda farashi ya hau da yadda ya sauko.

Mu fara da lissafi, tun da shi ba ya son kai. Ran 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya karɓi mulki, ya faɗa a bainar jama'a cewa tallafin mai ya ƙare. Kafin wannan rana gidajen man gwamnati suna sayar da lita ƙasa da naira 200. Mako bai zagayo ba ta haura 500 a garuruwan Arewa. A watan Yuli ta kai 617 a Abuja, a watan Oktoba 2024 kuwa ta wuce 1,000. A cikin wannan tsakani an saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da a ke saye wajen naira 460 ta koma fiye da 1,500. Ba wanda ke bukatar in tuna masa abin da ya biyo baya, gama kowa ya biya kuɗin niƙa, ya hau acaɓa, ya sayi mudun gari a waɗannan shekaru.

Sa'an nan a watan Satumba 2024 matatar Ɗangote da ke Lekki kusa da Ikko, wadda aka gina don ta tace ganga 650,000 kowace rana, ta fara fid da fetur. A watan Disamba na wannan shekara ta sa lita naira 899 da 'yan kwabbai a bakin ƙofarta. A Janairu 2025 ta ƙara zuwa 955, a ƙarshen Fabrairu ta sauko 825, a Disamba 2025 ta sauko 699. Ku lura da kyau, a cikin wannan jeri akwai sauka akwai hawa, saboda haka kada wani ya ɗauki farashin wata guda ya gina gida a kansa.

To, me ya saukar da shi? Almajiri ya ɗauko allo mu yi lissafin tare. Gangar ɗanyen mai lita 159 ce, da dala kuma a ke yanka farashinta a kasuwar duniya. A farkon 2025 ganga tana wajen dala 80, dala kuma tana wajen naira 1,550. In ka buga za ka sami naira 124,000, in ka raba gida 159 kowace lita ta ɗanyen mai ta tashi wajen naira 780, tun ba a tace ba. A ƙarshen shekara ganga ta sauko wajen dala 62, dala ta sauko wajen naira 1,450, lita ta tashi wajen 565. Bambancin ya haura naira 200. Gaskiya ne ba duk ganga ke zama fetur ba, akwai gas da kananzir da man jirgin sama a ciki, amma lissafin ya isa ya nuna inda mafi yawan ragin ya fito. Sauran kuwa ya fito daga gasa, domin mai matata yana so ya ƙwace kasuwa daga hannun masu shigo da mai ta teku, su kuma ba su so su bar masa, kowa sai ya rage don kada a bar shi da kaya. Ga dalilai uku ke nan, kuɗin ganga a duniya, da darajar naira, da gasar masu sayarwa. Babu sabuwar rijiya ko ɗaya a cikinsu, kuma biyun farko ba a hannunmu su ke ba. Ranar da yaƙi ya tashi a wata ƙasa mai mai, ko naira ta sake faɗuwa, farashi zai koma inda ya fito ko da ba a taɓa rijiya ɗaya ta Nijeriya ba.

Fasali na biyu, a kan man da ƙasan nan ta daɗe da shi.

Da yawan man da ke ƙarƙashin ƙasa shi ke kawo araha, da ba mu taɓa sanin tsada ba. An sami mai a Oloibiri a 1956, aka fara fita da shi a 1958. Abin da aka tabbatar yana kwance a Nijeriya ya kai wajen ganga biliyan 37, ƙasashen Afirka da suka fi mu ba su wuce Libiya ba. Gwamnati ta gina matatu huɗu, biyu a Fatakwal, ɗaya a Warri, ɗaya a Kaduna, jimlar abin da aka ce za su tace ganga 445,000 ce kowace rana. Duk da haka mun yi shekaru fiye da 20 muna sayar da ɗanye ga Turawa muna sayo tatacce daga wurinsu, muna biyan kuɗin jirgi zuwa da dawowa, kamar manomin da ya sayar da gyaɗarsa a gona ya koma kasuwa yana sayen ƙuli-ƙuli da mai da tsada. Har bayan da matatar Ɗangote ta tashi, ba ta sami isasshen ɗanye a gida ba, sai da ta riƙa sayowa daga Amurka a 2024 da 2025. Ashe abin da ya yi mana ƙaranci tun farko shi ne aiki da riƙon amana, man kuwa yana nan tuli. Wanda ke da rumbu 37 cike da hatsi amma iyalinsa suna kwana da yunwa, in ya ce maganin yunwarsa shi ne a gina masa rumbu na 38, sai a dube shi da kyau.

Fasali na uku, a kan man Arewa.

Ba na musun akwai alamar mai a Arewa. An daɗe ana nema. A yankin Tafkin Cadi kamfanin mai na ƙasa ya haƙa rijiya 23 kafin shekara ta 2000, bai sami abin sayarwa ba sai ɗan iskar gas a guda biyu. Aka koma nema daga baya, har a watan Yuli 2017 'yan Boko Haram suka faɗa wa ayarin masu binciken, cikinsu da malaman Jami'ar Maiduguri, a wajen Magumeri, aka kashe mutane da yawa, aikin ya tsaya cik. Ba a sake kafa injin haƙa a can ba sai Mayu 2023. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Wanda aka fi kururutawa shi ne Kolmani, a kan iyakar Alkaleri ta Bauci da Akko ta Gombe. Kamfanin Shell ya haƙa rijiya ta farko a can a 1999, ya sami gas kaɗan, ya tafi. A Fabrairu 2019 aka fara haƙa ta biyu, a Oktoba aka yi shelar an sami mai. Ran 22 ga Nuwamba 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya je da kansa ya buɗe aikin, aka ce akwai ganga biliyan 1, aka yi alkawarin matata da tashar lantarki da masana'antar taki, duk a wuri guda. A Nuwamba 2025 shekara uku ta cika cif, ba a sayar da ko lita ɗaya ta man Kolmani a wani gidan mai ba.

Yanzu mu ɗauka an cika alkawari, man ya fito gobe. Ganga biliyan 1 a kan 37 ba ta kai kashi 3 cikin 100 ba. Duniya tana shan wajen ganga miliyan 100 kowace rana, watau duk man da aka ce yana Kolmani abincin kwana 10 ne ga duniya, kuma masana sun ce ba a taɓa kwashe duk abin da ke cikin rijiya, wani kaso ya kan maƙale a dutse har abada. Irin wannan ba ya girgiza kasuwar duniya. Tun da kuwa aka cire tallafi, wanda ya zuba dalolinsa ya haƙo mai a Bauci da farashin duniya zai sayar, kamar yadda mai masara a Damari ba ya sayar wa maƙwabcinsa buhu da rabin kuɗin kasuwar Ɗandume don wai a unguwarsu aka noma.

In wani yana shakka, ya dubi 'yan'uwanmu na Nijar. Suna da rijiyoyi a Agadem, kuma tun Nuwamba 2011 suna da matata kusa da Damagaram mai tace ganga 20,000 kowace rana, wadda kamfanin Sin ya gina. Duk da haka shekara da shekaru daga wajenmu a ke tsallakawa da fetur zuwa Maraɗi, domin namu mai tallafi ya fi nasu araha. A Yuli 2024 hukumarsu ta rage lita daga sefa 540 zuwa 499, wanda a canjin wancan lokaci ya haura naira 1,200. Da fetur ɗinmu ya yi tsada masu tsallakawa suka rage, sai ga layi a gidajen man Yamai a Maris 2025, gama matatarsu ita kaɗai ba ta ƙosar da su. Suna da rijiya suna da matata, ba su sami arahar da a ke yi mana alkawari ba.

Akwai kuma alkawarin da aka yi wa jiharmu ta Katsina ita kanta. A Yuli 2018 aka sa hannu a Abuja, a gaban Shugaba Buhari da Shugaba Mahamadou Issoufou, kan cewa za a jawo ɗanyen man Nijar ta bututu a tace shi a wata sabuwar matata a jihar Katsina, aka ambaci Mashi. Matatar ba ta tashi ba. Nijar ta shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa bakin teku a ƙasar Benin, wadda a da a ke kira Dahome, man ya fara fita ta can a 2024. Ban ji wani ya tsaya a gaban mutanen Mashi ya gaya musu dalili ba.

Saura in faɗi abin da ba a so a ji. Ƙasar Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara ba ƙasar mai ba ce. Mai yana samuwa ne a inda a zamanin da can teku ko babban tafki ya kwanta, laka da yashi suka taru hawa hawa, suka binne ƙananan halittun ruwa, nauyi da zafi suka dafa su shekaru masu yawan gaske. Irin wannan ƙasa ita ce ta Barno da kwarin Gongola da Bida da Sakkwato. Mu kuwa muna zaune a kan tsohon dutse mai tauri, shi ne wanda ya ɓullo ya zama duwatsun da ku ke gani a Faskari da Funtuwa, shi ne mai haƙa rijiya ke tararwa ya ce ya kai fa. A irin wannan dutse a kan sami farar ƙasa kamar ta Ƙanƙara, a kan sami zinariya a waɗansu wurare, amma ba a samun fetur. Duk wanda ya zo ya ce muku akwai mai a ƙarƙashin gonarku, ku riƙe takardar gonarku da kyau.

Fasali na huɗu, a kan abin da ke sa mai tsada a garinmu.

Farashin da a ke faɗa a rediyo na bakin matata ne a Ikko. Daga can zuwa Funtuwa ya fi kilomita 800, tanka mai ɗaukar lita 33,000 ko 45,000 ita ke yin wannan tafiya, tana shan gas, tana cin taya, tana tsayawa a shingaye. A da akwai asusun da aka kafa a 1975 don a biya kuɗin dakon nan, lita ta zama kuɗi ɗaya a Ikko da Katsina. Da aka saki farashi wannan daidaitawa ta tafi, na nesa shi ke biyan nisansa.

Magabata sun hangi wannan, shi ya sa aka buɗe matatar Kaduna a 1980, aka faɗaɗa ta har ta kai ganga 110,000, aka shimfiɗa bututu daga Kaduna zuwa Zariya, ya rabu biyu, ɗaya ya nufi Kano ɗaya ya nufi Gusau, aka gina daffo a kowanne. Da wannan tsari yana aiki, da tankar da za ta kawo mana mai tafiyar 'yan sa'o'i za ta yi. Matatar ta daina aiki shekaru da dama. A Fabrairu 2023 aka ba kamfanin Daewoo na ƙasar Koriya kwangilar gyaranta a kan fiye da dala miliyan 740, shekara ta 2025 ta ƙare ba ta fid da fetur ba. Ta Fatakwal da aka amince a kashe mata dala biliyan 1.5 a 2021 an tashe ta a Nuwamba 2024, aka rufe ta a Mayu 2025. Idan ana neman dukiyar mai da ke kwance ba ta aiki a Arewa, ga ta nan a Kaduna a bisa ƙasa, an riga an biya kuɗinta, ba ta bukatar injin haƙa.

Daga Funtuwa zuwa ƙauyukanmu kuwa akwai wani haraji da ba a rubuta a takarda ba, shi ne tsoro. Direban da ya san ana tare hanya ba zai shigo da tankarsa ba sai an ƙara masa, wani ma ko an ƙara ba ya zuwa. Mai kuɗin da zai gina gidan mai a Machika ko Maibakko ya kan gwammace ya gina a Funtuwa inda zai yi barci. Kuna tune da ƙarshen Agusta 2021, sa'ad da Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar tsaro, aka hana sayar da mai a jarka, aka ce gidan mai biyu kaɗai za su sayar a kowace ƙaramar hukuma da abin ya shafa, cikinsu da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara da Ɗandume, kuma kada a ba mai mota fiye da na naira 5,000. Aka rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, a Satumba aka katse layukan waya. An yi haka don a hana 'yan bindiga man babura, niyyar kuwa ba ta da laifi. Amma mai injin ban ruwa da mai injin niƙa da jarka su ke sayen mai, gama ba a ɗaukar inji a ka a kai shi famfo. A wannan lokaci farashin gwamnati bai kai naira 170 ba, ku tambayi duk wanda ya yi noman rani a shekaran nan nawa ya sayi galan. Wannan ya isa hujja cewa farashin Sabuwa hanya ke yanka shi. Abin da ya tsai da masu haƙa a Barno shekara shida, shi ne ya ke tsai da tanka a Funtuwa.

Inda gidajen mai suka yi ƙaranci sai 'yan bumburutu su cike gurbi da galan da kwalba. Ba na zarginsu, yara ne masu neman abinci, kuma ba don su ba da babura da yawa sun kwana a daji. Amma na sha gani da idona, in aka ce an ƙara kuɗi a Ikko da hantsi, kafin magariba ƙarin ya iso mu, in aka ce an rage sai a yi mako biyu ana ce mana tsohon kaya ne. Mai tsohon kaya yana da uzuri na kwana biyu ko uku. Abin da ya wuce haka rashin abokin gasa ne, gama wanda ya san ba ka da wani wurin zuwa ba ya gaggawar rage maka. Haka kuma kuɗin mota da ya hau a 2023 bai sauko tare da mai ba. Manomi kuwa sau biyu ya ke biya, ya biya a kawo masa taki, ya biya a kai masa masara da rake kasuwa, dillali kuma ya zare kuɗin dako daga abin da zai ba shi.

Fasali na biyar, amsa ga mai jayayya.

Idan wani ya ce, malam, kana hana Arewa arziki ne, ba ka san jihar da aka haƙo mai a cikinta tana karɓar kashi 13 cikin 100 bisa tsarin mulki na 1999 ba? Sai in ce masa na sani, kuma ina so a haƙa, in an samu Bauci da Gombe su karɓi haƙƙinsu, 'ya'yansu su sami aiki. Amma kashi 13 kuɗi ne da ke shiga baitulmalin jiha, bai shafi abin da ɗan acaɓa zai biya a famfo ba. Mutanen Bayelsa suna karɓarsa tun shekara ta 2000, kuma a ƙauyukansu na cikin ruwa fetur ya kan fi na birni tsada, saboda nisa, kamar mu. Oloibiri da ta fara ba ƙasan nan mai, rijiyarta ta ƙafe aka bar garin da talauci. A ƙasar Ogoni kuwa rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran ƙasa da ruwan da mai ya ɓata zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Ba a ce mai tsiya ba ne, amma inda ba a bin lissafi ya kan bar wa masu ƙasa dauɗa ya tafi da kuɗi.

Idan ya ce to ai nema sai da kashe kuɗi, sai in ce haka ne, shi ya sa dokar man fetur ta 2021 ta keɓe kashi 30 cikin 100 na wata ribar kamfanin mai na ƙasa don neman mai a sababbin wurare irin su Cadi da Gongola da Bida da Sakkwato. Kuɗin jama'a ne, da ba a keɓe ba da an raba shi ga jihohi da ƙananan hukumomi, har Sabuwa ta sami nata. Saboda haka muna da ikon mu tambaya nawa aka tara, nawa aka kashe, rijiya nawa aka haƙa, me aka tarar a ciki. Mai tambayar haka ya fi son man Arewa da mai tafi a wurin buki.

Fasali na shida, a kan abin da ya kamata mu yi.

Na ɗaya, ƙananan hukumomin nan uku kujera guda su ke da ita a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Duk wanda ke kanta, da duk wanda ya zo nemanta, malamai su zaunar da shi su yi masa tambaya uku a rubuce: ina lissafin kuɗin neman mai, ina labarin matatar Kaduna da bututun Gusau, me ya kashe maganar Mashi. A karanta amsarsa a zaure yadda a ke karanta takardan nan. In ya ce mai na nan zuwa daga Kolmani, a ce masa an ji, ya amsa tambayar da aka yi.

Na biyu, a sa maganar hanya gaba da maganar rijiya. Duk taron da aka yi da hakimi ko shugaban ƙaramar hukuma ko jami'an tsaro, a tuna musu cewa lafiyar hanyar Funtuwa zuwa Ɗandume zuwa Sabuwa, da ta Ƙanƙara zuwa Sheme, ita ce farashin mai, ita ce kuma farashin masara. In kuma wata rana aka sake bukatar taƙaita sayar da mai saboda tsaro, a yi wa manoman rani da masu injin niƙa rajista ta hannun masu unguwanni, kada a haɗa su da ɓarayi a hukunci guda.

Na uku, wannan na almajirai ne. Kowace makaranta ta sami littafi guda, kowace ranar kasuwa a rubuta kuɗin lita a gidan mai, da kuɗin galan a wurin 'yan bumburutu, da kuɗin kai buhu Ɗandume, da abin da rediyo ta ce ana sayarwa a bakin matata. Bayan wata uku a gwama. Ranar da za a zauna da shugabannin direbobi da masu gidajen mai a nemi su rage, da littafin nan za a je, gama mai ƙorafi da baki a kan ce masa ya yi haƙuri, mai lissafi a rubuce sai an ba shi amsa. A kuma sami galan guda da aka tabbatar da awonsa a ajiye wurin sarkin kasuwa, wanda ya yi shakkar famfo ko kwalba ya je ya gwada, yadda a ke yi da mudu.

Na huɗu, masu noman rani da ke da hali su haɗa kuɗi biyar biyar ko goma goma su sayi injin ban ruwa mai aiki da hasken rana. Kuɗin sayensa da nauyi, amma daga ranar da aka kafa shi ba ruwansa da dala ko tanka ko shingen hanya, kuma rana ba ta yi mana rowa a watannin rani.

Wannan shi ne abin da ya sauwaƙa in rubuta. Wanda ya ga gyara a lissafina ya aiko, a buga a takarda ta gaba kowa ya gani. Ina roƙon malamai su karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, musamman direbobi da manoma, tun da su abin ya fi shafa.